Yadda ake shirya wa intabiyun aiki a Amazon, daga cike fom har zuwa cinikin albashi

Amazon na da ma'aikata kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya, akasarinsu a rumbunan kaya da jigila. Wannan bayani na masu neman aikin ofis ne, musamman injiniyoyin manhaja da masu aiki a AWS, sashen kamfanin da ke ba wa wasu kamfanoni hayar ƙarfin kwamfuta da ma'ajiyar bayanai ta intanet. Na zaɓi Amazon ne saboda tsarin ɗaukar ma'aikatansu ba a ɓoye yake ba. Sun rubuta shi a shafinsu, kuma kusan iri ɗaya ne ko a Siyatil ta Amurka za a ɗauke ka, ko a Dublin ta Ayalan, ko a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Wanda ya iya shi, ya yi rabin shirin Google da Microsoft da Meta.

Tun daga farko ka riƙe abu ɗaya. Yaranmu suna kwashe watanni suna atisayen kodin, wato rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, sai su bar ɗaya ɓangaren, wato tambayoyin hali da yadda mutum ya tafiyar da aikinsa a baya, har sai daren da za a yi intabiyu. A Amazon wannan ɓangaren yana cin kusan rabin lokacin kowace ganawa, kuma a ganina nan ne tarbiyyarmu ta kunya da kawaici ke juyowa ta cije mu. Shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Na farko: san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Duk guraben aikinsu na ofis suna shafi ɗaya, amazon.jobs. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa Amazon na ɗaukar ma'aikata, ka biya kuɗin rajista ko na horo ko na biza, ɗan damfara ne. Kamfanin ba ya karɓar ko sisi daga mai neman aiki.

A Afirka, cibiyarsu mai ƙarfi tana Cape Town. Tun 2004 suka buɗe ofishin injiniyoyi a can, kuma a can aka gina EC2, ɗaya daga cikin ginshiƙan AWS, wanda aka ƙaddamar a 2006. A 2020 suka buɗe manyan ɗakunan saba, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanai da manhajoji, na yankin Afirka a garin. A 2022 AWS ta buɗe ofis a Legas, sai dai ƙarami ne, kuma ya fi karkata ga ciniki da taimaka wa kamfanonin da ke amfani da AWS. Bayan waɗannan, wuraren da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ko ɗan Gana zai fi dubawa su ne Dublin, Landan, Balin, Luksambok, Bankuba ta Kanada da Dubai. Amurka kuwa hanyarta ta yi tsauri: sabuwar bizar aiki ta ƙwararru, H-1B, guda 85,000 kawai ake bai wa kamfanoni a shekara, ta ƙuri'a, kuma a Satumban 2025 gwamnatin Trump ta ɗora kuɗi dala 100,000 a kan sababbin takardun nema. Da wuya manaja ya ɗauki wannan nauyi saboda sabon injiniya.

Ka kuma cire tunanin zama a Kano ko Zindar kana aiki daga ɗaki ana biyan ka da dala. Tun Janairun 2025 Andy Jassy, shugaban kamfanin, ya mayar da ma'aikatan ofis zuwa aiki kwana biyar a mako.

Ka kula da lebul, wato matakin muƙami. Sabon injiniya L4 ne, wanda ya ƙware ya kwana biyu a aiki L5, babban injiniya L6. Kowace sanarwa tana da jeri biyu: sharuɗɗan dole, da abubuwan da za su so a ce kana da su. In ka cika na farko, ka nema, ko da na biyun rabi kawai ka cika. In ba ka cika na farko ba, kada ka ɓata lokacinka.

Na biyu: CV da ɗan ciki

CV irin wanda muke kai wa ma'aikatar gwamnati ba ya aiki a nan. Cire hoto, ranar haihuwa, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure, da jerin sunayen manyan mutanen da za su tsaya maka. Shafi ɗaya ya isa, biyu in ka daɗe kana aiki. A ƙarƙashin kowane wurin da ka yi aiki, kada ka jera ayyukan da aka ɗora maka. Rubuta abin da ya canza saboda kai, da lamba in akwai: shafin da ke buɗewa a daƙiƙa shida ya koma daƙiƙa biyu, kuɗin saba ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, manhajar da ka gina mutum dubu nawa ke amfani da ita. Lambar ta zama ta gaskiya, domin za a tambaye ka yadda ka auna ta.

In ka san wani a ciki, zai iya miƙa sunanka ta tsarin kamfanin. Ka fahimci iyakar abin: wannan ba alfarma ba ce irin wadda muka sani, inda takardar wani babba ke buɗe ƙofa. Iyakacinta ta sa ɗan Adam ya duba CV ɗinka da wuri. Bayan nan ɗan cikin ba shi da ta cewa. In za ka nemi wanda ba ka sani ba a LinkedIn, kada ka tura sallama kaɗai ka zauna jiran amsa, kamar yadda muka saba. Ka yi gaisuwa a layi ɗaya, ka sa lambar gurbin, ka faɗi dalili biyu da suka sa ka dace, ka liƙa CV. Mutum mai aiki zai iya yanke shawara cikin minti ɗaya.

Na uku: jarrabawar intanet

Ga injiniyoyi, abin da ke biyo baya yawanci imel ne mai ɗauke da jarrabawa da za ka yi kai kaɗai cikin 'yan kwanaki. Galibi tambayoyin kodin biyu ne, a cikin awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa awa ɗaya da rabi, sai wani sashe da ake kwaikwayon ranar aiki: saƙonni na shigowa daga manaja da abokan aiki, kana zaɓar abin da za ka yi. A ƙarshe akwai tambayoyi kan ɗabi'arka ta aiki. Mutane na raina waɗannan biyun na ƙarshe, alhali su ma ana ba su maki.

Shirin kodin ba shi da wani sirri. Zaɓi harshe ɗaya da ka fi sabawa da shi, Python ko Java ko C++, kada ka canza. Ka shiga LeetCode, shafin atisayen kodin, ka bi tambayoyi bisa iri, ba da ka ba: jeri da teburin hash (ma'ajiyar da ake samo abu a cikinta nan take), manuni biyu (bin jeri daga wuri biyu lokaci ɗaya), bishiyoyi (bayanai masu rassa), giraf (bayanai masu haɗe da juna) da hanyoyin yawo a cikinsa, sannan a ƙarshe dabarar ajiye amsoshin ƙananan matsaloli don warware babba. Jerin da ake kira Blind 75 ya tattara muhimman nau'o'in. Tambayoyi masu matsakaicin wahala su ne abincinka. Ka sa agogo, minti talatin. In ka kasa, karanta amsar, ka rufe ta, bayan kwana uku ka sake gwadawa da kanka. Haddace amsa ba ya kai mutum ko'ina, domin da an ɗan juya tambayar sai kai ya ɗaure.

Wata biyu zuwa uku na atisaye kullum ya fi mako biyu na kwana ba barci.

Na huɗu: labaranka

Amazon na da ƙa'idojin shugabanci goma sha shida. Da goma sha huɗu ne, aka ƙara biyu a 2021. Ba ado ba ne na jikin bango. Kafin ranar intabiyu, ana raba su tsakanin masu ganawa da kai, kowa ya ɗauki biyu ko uku, kuma aikinsa shi ne ya fito da hujja daga bakinka cewa kana da su ko ba ka da su. Ka karanta su duka da Turancinsu a shafin kamfanin. Waɗanda suka fi yawan fitowa su ne: fifita mai saye a kan komai, wato Customer Obsession, ɗaukar matsala a matsayin taka ko da ba a teburinka take ba, Ownership, tono abu har gindinsa, Dive Deep, saurin ɗaukar mataki ba tare da jiran cikakken bayani ba, Bias for Action, kai aiki ga ƙarshe, Deliver Results, sai wadda ta fi ba mu wahala, Have Backbone, Disagree and Commit, ma'ana ka iya ja da na gaba da kai cikin ladabi in kana ganin ya kauce, amma in an yanke hukunci ka bi da zuciya ɗaya.

Tambayoyin duk da siga ɗaya suke zuwa. Ba ni labarin lokacin da ka saɓa wa manajanka. Ba ni labarin lokacin da ka kasa cika alkawarin ranar gama aiki. Ba ni labarin lokacin da ka yi abin da ba aikinka ba ne. Ba a tambayar abin da za ka yi in kaza ya faru. Abin da ka riga ka yi ake nema.

Tsarin amsar suna kiran sa STAR, kashi huɗu ne: halin da ake ciki, nauyin da ke kanka, abin da ka yi, da sakamakon da aka samu. Biyun farko su ci minti ɗaya. Na uku shi ne naman, ya ci rabin lokaci ko fiye. Na huɗu ya zo da lamba.

Ga misali. A ce Aisha tana aiki a wani ƙaramin kamfanin POS, aka tambaye ta lokacin da ta tono matsala har gindinta. Amsar da yawancinmu za mu bayar ita ce: "Mun samu matsalar kuɗi na maƙalewa, sai muka haɗu da abokan aiki muka duba, cikin ikon Allah muka gyara, masu shaguna suka ji daɗi." Wannan amsar mutumin kirki ce, kuma ba za ta samu maki ko ɗaya ba. Mai tambayar yana buga duk abin da ake faɗa a kwamfutarsa, kuma babu abin da zai rubuta a nan game da Aisha ita kanta.

Ga yadda ya kamata ta faɗa: "Masu POS suna ƙorafin cewa ana cire kuɗin mai saye amma na'ura ta nuna ba a biya ba. Sashen kula da abokan ciniki yana mayar da kuɗin ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya nemi dalili. Ni aikina a wani ɓangare yake, amma na nemi izini na ciro bayanan mako huɗu. Na jera su bisa lokaci da banki, sai na ga akasarinsu na banki ɗaya ne, da yamma. Na duba kod ɗinmu na ga muna jiran amsar banki daƙiƙa goma sha biyar ne kawai, shi kuwa wannan bankin in cunkoso ya yi yawa yakan wuce haka. Na ba da shawara biyu: a tsawaita jiran, ko a riƙa sake tambayar bankin kafin a ce ciniki ya faɗi. Na zaɓi ta biyu domin ta farko za ta sa kowa ya daɗe a layi. Na rubuta gyaran, na gwada shi a na'urori hamsin na mako guda, sannan aka baza. Ƙorafin ya sauko daga kusan ɗari biyu a mako zuwa ƙasa da talatin."

Ka lura da yawan "na" a ciki. An raine mu da cewa yabon kai jahilci ne, kuma a zaman gari haka ne. Amma mai intabiyu ba kamfaninku zai ɗauka ba, kai zai ɗauka, kuma in ka yi ta cewa "mun yi", zai katse ka ya ce: to kai me ka yi? In ka sake komawa "mu", zai rubuta cewa bai ga rawar da ka taka ba. Ba a ce ka ci haƙƙin abokan aikinka ba. Inda wani ya taimaka, faɗi. Inda kai ne ka yi, kada ka ɓuya a bayan jama'a. Ka ɗauke shi kamar ba da shaida a gaban alƙali: abin da ya faru, wa ya yi, yaushe, babu ƙari babu ragi.

Bayan ka gama, tambayoyin bi-baya za su fara sauka, kuma a nan ake gane labarin ƙarya. Me ya sa mako huɗu ba takwas ba? Wa ya ƙi amincewa da shawararka, me ya ce? Yaya ka auna ƙorafin? Sauran talatin ɗin fa, me ke jawo su? In da za ka sake, me za ka canza? Wanda ya ari labari daga intanet, a tambaya ta uku yake tsayawa. Wanda ya yi aikin da hannunsa, tambayoyin ma daɗi suke masa.

Yadda za ka shirya: ɗauki littafi ka rubuta labarai goma zuwa goma sha biyu daga shekaru biyu ko uku da suka wuce. Kowanne shafi ɗaya, da lambobinsa. A gefen kowanne ka rubuta ƙa'idojin da ya dace da su, domin labari ɗaya na iya amsa tambayoyi iri uku. Amma ka guji maimaita labari ɗaya ga mutum biyu a rana ɗaya, saboda za su zauna su haɗa rubutunsu, kuma za su ga cewa kayanka kaɗan ne. Dole a ciki akwai aƙalla biyu na gazawa ta gaske, inda kai ne ka yi kuskure, wani ya cutu, ka gyara, ka kuma canza yadda kake aiki. Amsar nan ta "matsalata ita ce ina son aiki da yawa" sun ji ta har sun gaji.

Labarin jayayya da manaja shi ne wanda na ga ya fi ɗaure wa mutanenmu kai. Wani zai ce shi bai taɓa musu da ogansa ba, yana ganin ya nuna biyayya. A kunnen mai tambayar, ya ce ne zai ga jirgi na shirin kifewa ya yi shiru. Ka tuna lokacin da ka je wurin oga a keɓe, da hujja a hannu, ka ce ranka ya daɗe, ina ganin wannan hanyar za ta ba mu matsala saboda kaza. Wannan ma jayayya ce, kuma ita suke so. Ko da a ƙarshe ba a bi shawararka ba, labarin yana da kyau in ka nuna ka yi aikin da aka zaɓa ba tare da gunaguni ba.

Wanda bai taɓa aiki a kamfani ba kada ya ce ba shi da labari. Furojet na ƙarshen digiri, hidimar ƙasa, shafin da ka gina wa wata makaranta, har shagon gyaran waya da ka riƙe, duk suna da ranar da abu ya ɓaci kai ka tsaya a kai.

Sai ka faɗe su da baki, da Turanci, kana ɗaukar muryarka a waya. Ba a neman lafazin Bature. Kamfanin cike yake da Indiyawa da Sinawa da 'yan Gabashin Turai, kowa da harshensa. Abin da ake nema a ji ka sarai. Rage sauri, ka gama jimla kafin ka fara wata.

Na biyar: ganawar farko da injiniya

In ka haye jarrabawar intanet, jami'in ɗaukar ma'aikata zai kira ka. Ka tambaye shi komai: wane lebul, ganawa nawa, me za a tambaya a kowacce. Shi burinsa ka ci, domin da haka ake auna aikinsa. Daga nan wani lokaci akan haɗa ka da injiniya ɗaya na kusan awa guda, rabi labarai, rabi kodin a wani allo da ku biyu kuke gani. Sau da yawa allon ba ya gwada kod ɗin, kai ne za ka bi shi da ido.

Babban kuskure a nan shi ne shiru. A ce an ba ka jerin lambobi da wata lamba guda, aka ce nemo biyu da in an haɗa su za su ba da ita. Kada ka fara bugawa. Fara da tambaya: jerin a tsare yake? Akwai lambobi ƙasa da sifiri? In babu amsa me zan mayar? Sannan ka faɗi hanya mafi sauƙi da baki: zan iya gwada kowace lamba da kowace, amma in jerin ya kai miliyan aikin zai yi nauyi ƙwarai. Sai ka kawo mafi kyau: zan bi jerin sau ɗaya, ina ajiye abin da na gani a teburin hash, a kowace lamba in duba ko cikonta na ciki. Ka faɗi abin da ka saya da abin da ka sayar: na samu sauri, na kashe ma'ajiya. In ya gyaɗa kai, sai ka rubuta, da sunaye masu ma'ana. In ka gama, ɗauki ƙaramin misali ka bi layi-layi da babbar murya, har da jeri marar komai a ciki.

In ka maƙale, faɗi inda ka maƙale. In ya jefo maka alama, kama ta. Karɓar gyara ba ya rage maki kamar yadda taurin kai ke ragewa. Kuma kada ka kuskura ka buɗe ChatGPT a gefe. Kamfanin ya hana, masu tambayar sun san yadda idon mai karanta amsa ke tafiya, kuma in an kama ka an gama.

Na shida: babbar rana

Zagayen ƙarshe suna kiran sa loop: ganawa huɗu ko biyar, kowacce kusan awa ɗaya, a rana ɗaya ko a raba kwana biyu. In an ba ka zaɓi, raba. A ciki akwai manajan da zai ɗauke ka, da injiniyoyin tawagarsa, da wani mutum daga wani sashe dabam da ake kira Bar Raiser. Wannan an horar da shi musamman, ba ya ƙarƙashin manajan, kuma ba ruwansa da cewa tawagar na cikin matsin rashin ma'aikaci. Tambayar da ke gabansa ɗaya ce: wannan mutumin ya fi rabin waɗanda ke wannan lebul a yanzu? In ya ce a'a, ba a ɗauka. Ba lallai a gaya maka wane ne shi ba, amma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa naci a tambayoyin bi-baya.

Daga L5 zuwa sama akwai ganawar zana tsari: a ce ka tsara manhajar aika saƙo, ko ta bin sawun kaya, wadda miliyoyin mutane za su yi amfani da ita. Nan ma da tambaya ake farawa: mutum nawa, karanta bayanai ya fi yawa ko rubuta su, me zai faru in saba ɗaya ta mutu. Babu amsa ɗaya daidai. Ana kallon yadda kake auna riba da hasarar kowane zaɓi. Masu neman manyan muƙamai kuma akan ba su rubutun shafi biyu su yi a gida, domin kamfani ne da Jeff Bezos, wanda ya kafa shi, ya hana PowerPoint a tarukan shugabanninsa tun 2004, aka koma karanta takarda mai shafi shida a yi shiru kafin a fara magana.

Yanzu abubuwan da Bature ba zai gaya maka ba domin bai san su ba. Wuta: ka ɗauka za a ɗauke. Caja laftof, ka tanadi inbata ko janareta, kuma janaretan ya yi nisa da taga. Intanet: layi biyu na kamfanoni daban-daban, duka da data, ka gwada sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya tun jiya. In gidanku gidan yawa ne, nemi ɗaki a wata cibiyar fasaha ko ofishin aboki. Lokaci: Siyatil tana bayan Najeriya da Nijar da awa takwas a lokacin zafinsu, tara a lokacin sanyi, wato ƙarfe tara na safensu biyar ko shida na yammarka ne, Magariba za ta faɗo a tsakiya. Dublin daidai take da mu a lokacin zafi, tana baya da awa ɗaya a lokacin sanyi. Cape Town tana gaba da awa ɗaya. Kana da damar cewa ban da Juma'a da rana, ko ka nemi hutun minti goma sha biyar don salla, ko a azumi ka nemi safiya. Ka faɗa tun ana tsara jadawali. Abu ne da suka saba ji. In layi ya yanke ana cikin magana, koma ka ba da haƙuri da kalma ɗaya ka ci gaba daga inda ka tsaya.

A ƙarshen kowace ganawa za a ba ka minti biyar ka yi tambaya. Tambayi abin da zai amfane ka: sau nawa ake tashin injiniya da dare in wani abu ya lalace, me ya sa wanda ke kujerar ya tashi, me ake sa ran sabon zuwa ya gama a wata shida na farko. Amazon ta yi suna wajen matsin aiki, kuma ta sallami ma'aikata 27,000 tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023, ta sake sanar da rage 14,000 a Oktoban 2025. Kai ma kana da haƙƙin tantance su.

Na bakwai: hukunci da ciniki

Bayan an gama, kowane mai tambaya zai rubuta rahotonsa ya kaɗa ƙuri'a shi kaɗai, kafin ya ga na sauran. Sannan su zauna, Bar Raiser na jan zaman. Kamfanin na cewa yana ƙoƙarin ba da amsa cikin kwana biyar na aiki. In mako ya wuce, tura imel gajere. Yakan faru a ce ka ci amma a lebul na ƙasa da wanda ka nema. In kuma ba a ɗauke ka ba, da wuya su faɗi dalili, kuma galibi sai bayan wata shida zuwa shekara za ka sake nema. Don haka a daren da ka gama, tun kafin amsa ta zo, rubuta duk tambayoyin da aka yi maka da inda ka yi tuntuɓe.

In tayi ya zo, kada ka amsa a wayar. Yi godiya, ka nemi a turo a rubuce, ka nemi kwana biyu ko uku. Kuɗin kashi uku ne: albashi, kuɗin sa hannu da ake biya a shekarar farko da ta biyu, da hannun jarin kamfanin. Hannun jarin nan ne ke ruɗin mutane, domin Amazon ba ta raba shi daidai a shekara huɗu. Kashi 5 cikin ɗari a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu. In an ce maka dala 100,000, abin da zai shigo hannunka a shekarar farko 5,000 ne, kuma in ka tafi bayan shekara biyu da 20,000 kawai za ka fita. Kuɗin sa hannun an sa shi ne ya cike wannan giɓi.

Ciniki ba rashin kunya ba ne, suna sa ran za ka yi. Duba shafin levels.fyi ka ga abin da ake biyan lebul ɗinka a wannan garin. Kada ka fara faɗin albashinka na yanzu, domin in aka juya naira ko sefa zuwa yuro, kowane tayi zai yi kama da arziki. Ka auna da tsadar can: a Ayalan harajin da ke kan saman albashi kashi 40 cikin ɗari ne ban da wasu cire-cire, kuma hayar gida a Dublin na cinye babban kaso na abin da ya rage. An fi samun sassauci a kuɗin sa hannu da hannun jari fiye da albashi, kuma abin da ya fi motsa su shi ne tayin wani kamfani a hannunka.

Kafin ka sa hannu, nemi amsar abubuwa huɗu a rubuce: wa zai biya kuɗin biza da na lauya, ko iyalinka na ciki, nawa ne kuɗin ƙaura, da nawa za ka mayar in ka bar aikin kafin wa'adin da aka sa. A Ayalan, izinin aiki na masu ƙwarewa ta musamman yana ba mata ko mijin ma'aikaci damar yin aiki su ma. A wasu ƙasashen ba haka ba ne, sai ka tambaya. Za kuma a binciki takardunka da wuraren da ka ce ka yi aiki, saboda haka ka fara neman sakamakon jami'a da takardar shaidar 'yan sanda da wuri, ka duba kwanan watan ƙarewar fasfo ɗinka. Kada ka ajiye aikin da kake yi sai binciken ya kammala kuma biza ta fito.